Kirefish ɗin da ya cinye badon Naivasha, da bokitin da Kawu ya kawo min Ikorodu

Kawuna na Agege mutum ne da in ya ji ƙamshin kasuwa baya iya barci. Da shanu ya fara a abatuwa, ya koma tumatur a Mile 12, yanzu kuma da jarinsa nake kiwon tarwaɗa a Ikorodu, ramuka huɗu da tankunan tamfol shida, muna banda muna kaiwa kasuwa. To ranar wata Asabar bayan la'asar sai gashi ya iso gona shi da direbansa, da wani bokitin fenti an ɗaure bakinsa da buhun albasa, ko gaisuwa bamu gama ba yace ɗan nan zo ka ga arziki.

Na kwance buhun. Wasu jajayen halittu ne guda 12, wai kirefish, kowanne bai kai tsawon tafin hannu ba, jela kamar ta jatan lande, ga hannaye biyu a gaba irin na ƙaguwa, suna ta hawa kan juna suna karce jikin bokitin. Wai a hannun wani mai sayar da kifin ado ya samo su, shi kuma mutumin ya cika masa kunne cewa 'yan Chana da ke Legas kamar su kashe kansu a kan abin nan, baya cin fid, wato abincin kifi, mai tsada, baya mutuwa, wata uku zuwa huɗu ya fara haihuwa, kuma in ana so zai kawo iri ta jirgi ko dubu nawa ne. Kawu har ya gama lissafi a mota, ramina guda biyu na ƙasa zamu kwashe tarwaɗar mu zuba wannan.

Nace Kawu ku zauna tukun a kawo ruwa.

Kafin in yi nisa bari in raba gardama, don na san wani zai ce ai kirefish kullum muna cinsa a miya. Wanda ake aunawa a roba a kasuwar Oyingbo, wanda ake kawowa daga su Oron da Ibeno, ƙananan jatan landen bakin teku ne aka busar, sunan ne kawai ya biyo bakin 'yan Najeriya. Wannan na cikin bokitin dabba ce daban, ta ruwan daɗi, asalinta fadamun Luwiziyana a kudancin Amurka da arewa maso gabashin Meziko, a littafi sunanta Procambarus clarkii. Kuma duk faɗin ƙasar Afirka babu kirefish irin wannan da aka halitta a cikinta, sai tsibirin Madagaska da ke da nasa 'yan nau'uka. Ma'ana duk abin da ke rayuwa a kogunanmu, tun daga Yawuri har Epe, bai taɓa zama da maƙwabci irin wannan ba, bai san yadda ake kauce masa ba.

Ni ɗan masunta ne, a bakin ruwa na tashi, kuma na ɗan taɓa karatun kifi a New Bussa, a can na fara jin labarin tafkin Naivasha. Shi na baiwa Kawu a ranar, shi kuma zan rubuta a nan da ɗan tsawo, don inaga ba Kawu kaɗai aka nuna wa wannan bokitin ba.

Naivasha tafkin ruwan daɗi ne a Kenya, kamar kilomita 90 daga Nairobi, a kan tudu sosai, kusan mita 1,900 sama da teku. Bashi da zurfi can can, bashi da kogin da ke fita daga cikinsa, koguna biyu ne manya ke zuba masa ruwa, Malewa da Gilgil. Da can ruwan garau yake, gefensa dajin wata doguwar ciyawar fadama, in ka wuce ta sai shimfiɗar bado mai shuɗin fure iya ganinka, ƙarƙashin ruwa kuma ciyayi cunkus, ga dorina, ga agwagin ruwa dubbai, ga gaggafa mai cin kifi. Saboda tsuntsayen nan ne ma aka sa shi a jerin Ramsar na dausayin duniya a 1995.

Amma fa tun kafin kirefish an riga an fara yi wa tafkin shige da fice. A 1929 Turawa suka zuba wani kifin Amurka mai ƙaton baki da ake kira bas, don su riƙa nishaɗin kamu da ƙugiya. Ɗan ƙaramin kifin da yake ɗan asalin tafkin, zuwa farkon shekarun 1960 an daina ganinsa kwata-kwata. A 1956 aka kawo karfasa iri biyu, ɗaya daga ciki ma irin tamu ce mai jan ciki wadda ke cin ciyawa. Sai a 1970 aka kawo kirefish kimanin 300 aka sake a ruwan. Ɗari uku kacal. Na maimaita wa Kawu wannan adadin sau biyu, don shi maganar dubu biyar yake.

Shekarun farko wallahi duk wanda ya kalli abin zai ce an ci riba. Cikin 'yan shekaru sun zagaye tafkin, a 1975 aka buɗe kamunsu na kasuwanci, ana lodi ana kaiwa Turai, musamman Suwidin da Jamus, ton ɗaruruwa a shekara. Su 'yan Suwidin al'adarsu ce cin kirefish a watan Agusta, nasu na gida kuma wata annoba da ta zo daga Amurka ta karkashe shi tun daga 1907, to kaga kasuwa a buɗe take. Shi ma bas ya samu gara, manyansa kusan kirefish ya zama tuwonsu, tsuntsaye masu kamun kifi su ma suka koyi cinsa. Kawu da ya ji nan sai ya gyara zama yace to ka gani, kai da bakinka.

Nace Kawu ku bari in kai ƙasan ruwan, abin a can yake.

Mu masunta mun san raga. Raga ba zare ɗaya bace, ƙulli ne ke riƙe da ƙulli, in ɓera ya ci ido ɗaya ka ɗinke, in ya ci igiyar gindi kuwa sai dai ka sayi wata. Rayuwar cikin ruwa haka take, wannan na cin wancan, wancan na fakewa a jikin wancan, kuma igiyar gindin ita ce ciyawa. Duk wanda ya taɓa ciro ganyen bado ya juya bayansa ya san me nake nufi, zaka ga ƙwan katantanwa manne kamar majina, ga 'ya'yan mazari, ga matsattsaku, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari da ko sunansu bamu sani ba, a gindinsa kuma 'ya'yan kifi ne ke ɓuya har su yi ƙwari, talibambam na kiwo, agwagi na tsinta, akwai ma wani tsuntsu mai dogayen yatsu da a kan ganyen yake tafiya yake kuma yin sheƙa. Saiwar kuma ta danne laka, shi yasa ruwan da ke da ciyawa a ƙasa yake kwanciya garau ko iska ta taso.

To shi kirefish a nan ya sa baki. Kuma abin haushin ba cin da yake ba ne kaɗai, ɓarnar ta fi cin yawa, da hannayen nan yake datse kara daga gindi, ya ɗan gutsira ya saki sauran ya taso sama ya ruɓe, ya matsa gaba ya datse wani. In sabon tsiro ya leƙo daga laka shi ne ma ya fi masa daɗi, don haka ciyawar bata samun damar maye gurbin kanta. Zuwa farkon shekarun 1980 badon Naivasha ya tafi, ciyayin ƙarƙashin ruwa su ma aka neme su aka rasa. Masana daga Jami'ar Leicester ta Ingila, su David Harper, sun shafe shekaru da dama tun daga wajen 1982 suna bin tafkin nan shekara bayan shekara, shi yasa labarinsa ya fito dalla-dalla fiye da na sauran wurare.

Da a ce dabba ce mai cin abu ɗaya, da ciyawa ta ƙare yunwa ta gama da ita, magana ta mutu. Wannan kuwa bakinsa baya zaɓe. Ciyawa ta ƙare ya koma katantanwa, ya ci tsutsar ƙwari, ya ci ƙwan kifi da na kwaɗo, ya ci mushe, ya ci ruɓaɓɓen ganyen da ya zubo daga gefe, in ta ƙure ya ci ɗan uwansa da ya saɓe ɓawo jikinsa bai yi tauri ba. Wato shi ne akuyar ruwan, shi ne kuma kyanwar, shi ne ungulun. Na ce wa Kawu ku ɗauka a Mile 12 mutum ɗaya ya zo ya zama shi ne mai kawo kaya, shi ne dillali, shi ne ɗan dako, shi ne mai awo, kuɗin kasuwa bai ragu a rana ɗaya ba amma mutum nawa suka rasa abinci, kuma ranar da mutumin nan ya kwanta ciwo ina kasuwar take? Abin da ya faru da tafkin kenan, hanyoyi goma da abinci ke bi daga laka ya hau zuwa bakin kifi da tsuntsu suka tattaru suka koma hanya ɗaya, ta cikin kirefish.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Agwagi da sauran tsuntsayen da ke kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa suka ragu sosai, cikinsu har da wata baƙar kazar ruwa da a da ake ganinta garke-garke, ita kuma gaggafa tana haɗawa da ita in kifi ya yi wuya. Karfasa mai jan ciki ta rasa abinci da wurin fakewa. Laka ta rasa mai danne ta, ga kirefish na tono, ruwa ya fara gurɓacewa, gansakuka ta samu fili, haske ya daina kaiwa ƙasa, to ko iri ya rage a laka ta yaya zai tsiro a duhu. Gaggafa kuma da ido take farauta, ruwan da ya yi kalar koko bata ganin kifi a ciki. Ruwa dai baya tsami banza.

Sai masunta. Nan ne jikin Kawu ya fara sanyi don ya san zafin kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa ta kwana a ruwa. Ka shimfiɗa raga da yamma, kifi ya faɗa tun farkon dare, kafin asuba kirefish sun taru a kansa sun cinye ido da ciki, ka ja raga ka tarar da rabin kifi, wanda ba mai saye, ga su kuma sun cukurkuɗe a zare sai ka yi awa kana ɓamɓarewa suna tsinka maka ido. Tun a shekarun 1970 aka rubuta wannan kukan a Naivasha. Kuma mutanen gefen tafkin galibinsu basa cinsa, wato ɓarnar a gida take, daɗin a Turai. Irin wannan kukan masuntan Zambiya ke yi yanzu a fadamar Kafue da tafkin Kariba, su kuma wani nau'in ne na Ostireliya mai jan hannu, wanda shi ma don kiwo aka kawo shi ya tsere farkon shekarun 2000.

Kasuwar fa? Bata kai shekara goma da ƙarfinta ba. Zuwa farkon shekarun 1980 lodi zuwa Turai ya karye, abin da ake kamawa ya koma ɗan kaɗan na otal-otal. Shi kansa kirefish ɗin da ya cinye mafakarsa sai ya zama a fili, bas ya yi ta ɗibarsa, wajen ƙarshen shekarun 1980 yawansa ya faɗi warwas, ciyayi suka fara dawowa, mutane suka ce alhamdulillahi, ashe ragowar na nan laɓe a gindin ciyawar gefe da ƙarƙashin ciyayi masu yawo a saman ruwa, ciyawa na dawowa suka samu abinci da mafaka suka sake cika tafkin suka sake aske ta. Haka aka yi ta yi, ciyawa ta zo ta tafi, kamun kifi ya hau ya sauka, masunci bai san da me zai wayi shekara ba. Mu muna cewa baƙo raɓa ne, wannan baƙon sama da shekara 50 kenan rana bata busar da shi ba.

Gaskiya dai ɗaya ce, ba kirefish kaɗai ya kashe Naivasha ba, kuma ban ɓoye wa Kawu haka ba. Akwai wani ƙaton ɓeran ruwa na Kudancin Amurka da ake kiwo don fatarsa, ya tsere ya shigo tafkin shi ma ya ci bado son ransa, sai dai shi daga baya ya ɓace, badon kuma bai dawo yadda yake ba, wannan na cikin abin da ya sa yatsa ya fi nuna kirefish. Akwai salbiniya, wata ciyawa mai yawo da ta shigo farkon shekarun 1960, sai kainuwa mai shuɗin fure a 1988. Akwai gonakin fulawa da suka kewaye tafkin suna zuƙar ruwa ana kai furanni Turai, garin ya cika da jama'a, an sare ciyawar gefe da ke tace ruwa, an yi kamun wuce gona da iri har gwamnati ta rufe kamun kifi a tafkin a 2001. Sai kuma kifin kaf, wanda ya tsere daga gonar kifi ta kogin Malewa bayan ambaliyar 1997 zuwa 1998, cikin 'yan shekaru ya zama shi ne mafi yawan abin da raga ke kamowa, shi ma mai tonon laka ne, har ya matse kirefish ɗin ya rage masa yawa a cikin tafkin. Baƙo ya kori baƙo, amma ruwan bai washe ba, mai tono ne ya gaji mai tono.

Ka lura da yadda kaf ya shiga fa, gonar kifi da ambaliya. Zan dawo kan wannan.

Kirefish bai tsaya a tafki ba, ya haura kogunan Gilgil da Malewa. A can akwai ƙaguwar ruwan daɗi 'yar asalin wurin, irin wadda muke tonowa a bakin rafi muna yara, inda kirefish ya kafu sai ƙaguwa ta riƙa ja da baya har a daina ganinta a wasu wuraren. Wani zai ce to miye, mai hannu biyu ya tafi mai hannu biyu ya zo. Ba ɗaya bane. Kirefish ya fi saurin cinye ganyen da ke zuba a rafi, ya fi rage ƙananan ƙwarin da kifi ke rayuwa a kansu. Karen ruwa ma da ƙaguwa ce abincinsa na gado ya koma cin kirefish, sai dai ita ƙaguwa ta iya ɓuya, karen ruwa ne gwanin lalubo ta da hannu a ƙarƙashin dutse, shi kuwa kirefish in rani ya yi ruwa ya ja baya kowa na iya ɗauka, biri ya ɗiba, zalɓe ya ɗiba, abincin da yake na mutum ɗaya ya zama na gayya.

In kuma wani na ganin ai Naivasha an taru an yi mata yawa ne, to akwai wani ɗan tafki a arewacin Sifen, Chozas, ruwa garau cike da ciyayi har kirefish ɗin nan ya shiga wajen 1997. Da aka auna bayan 'yan shekaru kashi 99 cikin 100 na ciyayin sun tafi, tsuntsayen ruwa sun ragu da kusan rabi, yawancin nau'ukan kwaɗi sun ɓace. Tarayyar Turai tun 2016 ta sa shi a jerin halittun da aka hana shigo da su da kiwonsu da sakinsu. Mutanen da suka fi mu kuɗi da kayan aiki kenan, su ma basu iya kwashe shi daga ruwan da ya kafu ba, sai dai ragewa.

Kawu ba yaro bane, ya kawo hujjoji biyu masu nauyi. Na farko yace Chana fa? Gaskiya ne, a Chana abin ya zama babbar sana'a, fiye da ton miliyan biyu suke nomawa a shekara, lardin Hubei ma da shi aka san shi, a gonakin shinkafa suke haɗa shi. Amma can akwai baki sama da biliyan ɗaya da ya iya cinsa, kuma duk da haka suna kuka da ramukan da yake haƙawa a jikin madatsai da kunyoyin shinkafa. Mu nan kwastoman da ake mana kwatance nawa ne, gidan abinci nawa ne a Ikeja da Victoria Island, in mutum biyar suka shiga sana'ar kasuwa ta cika, dabbar kuma bata san kasuwa ta cika ba, haihuwarta take.

Na biyun shi ya fi burge ni, mai kifin adon ya gaya masa wai yana maganin tsargiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsutsar tsargiya sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa kafin ta shiga mutum, kirefish kuma na cin katantanwar, an gwada a Kenya a wasu kududdufai aka ga katantanwa ta ragu, cutar ma ta ragu a tsakanin 'yan makaranta a inda ya kafu. Mu da muka tashi a bakin Neja mun san fitsarin jini, ba abin wasa bane. Amma muna da namu mai wannan aikin, babban jatan landen kogi mai dogayen hannaye, wanda matan Epe ke sayarwa a kwando. A Senegal da aka gama dam ɗin Diama a 1986 ya tare wa jatan landen nan hanyar zuwa bakin teku inda yake haihuwa, ya ɓace a sama, katantanwa ta yi yawa, tsargiya ta ɓarke, da aka gwada mayar da shi a wani mashigin ruwa katantanwar ta ragu. To mai ɗan gida da ya iya aiki me zai kai shi ɗauko wanda zai haɗa da cinye gidan, ga magani kuma praziquantel na nan.

Sai Kawu yace to ai ba a lagun, babban ruwan Legas, zamu zuba ba ɗan nan, a raminmu ne, mu kewaye da raga. Nace Kawu ku tuna bara waccan. Gonarmu a gangare take, duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka saki dam ɗin Oyan kogin Ogun ya cika, su Isheri da Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sai kwale-kwale, mu kanmu akwai daminar da muka wayi gari ramin ƙasa ya haɗe da kwata, tarwaɗarmu yaran unguwa suka riƙa kamawa da kwando a bakin titi. Tarwaɗa in ta tsere gida ta koma, 'yar ƙasa ce. Wannan kuwa ko ambaliya baya jira, yana haƙa rami fiye da mita a jikin bango ya ɓulla waje, in dare ya yi da danshi tafiya yake a ƙasa da ƙafafunsa, ruwan da iska ta yi ƙaranci wanda zai kashe karfasa shi ko a jikinsa, ɗan gishiri-gishiri ma yana jurewa. Macen tana ɗauke da ƙwai ɗaruruwa a ƙarƙashin jela, in ƙwan ya ƙyanƙyashe 'ya'yan na manne da ita, wato mace ɗaya in ta fita ba ita kaɗai ta fita ba. A wuri mai ɗumi kuma babu hutun sanyi, a Naivasha duk tsawon shekara ake samun masu ƙwai.

Kuma ruwan Legas duk a haɗe yake, kwata ta faɗa rafi, rafi ya faɗa lagun, lagun ta miƙa Epe da Lekki inda ruwan ya fi daɗi ciyayi suka fi yawa, can ne kifi ke haihuwa, can dubban masunta ke ci. Mun ma ga samfuri da idonmu. Kainuwa mai shuɗin fure 'yar Kudancin Amurka ce, a 1984 ta shigo ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin, yau sama da shekara 40 kenan duk ƙarshen damina sai ta toshe tashar jirgin ruwan Ikorodu, injin ya shaƙe, masu zuwa aiki Island su koma goslo. Ita a sama take kowa na ganinta ana kwasa ma an kasa. Kuma a Naivasha ƙarƙashin irin wannan kainuwar kirefish ke ɓuya daga masu cinsa, mu har ɗakin kwana mun riga mun shimfiɗa masa.

Magariba ta kawo jiki Kawu yace shi bai ga alama ba, ƙananan abubuwan nan. Nace to ku bar min su kwana biyu. Na samu bahon wanki na zuba ruwa rabi, na ciro bado uku da saiwarsu daga rafin bayan gona, na tsinto katantanwa cikin gwangwanin madara, na juye su 12 ɗin a ciki, na rufe da tsohuwar raga na ɗora bulo biyu, na sa bahon a cikin sito na kulle don ni kaina tsoronsu nake.

Ranar Litinin da safe Kawu ya dawo. Ganyen badon duk suna yawo a sama an datse su daga kara kamar da reza, ruwan da na zuba garau ya koma kamar an wanke doya, ɓawon katantanwa a farfashe a ƙasa. Kawu ya sa sanda yana juyawa yana ƙirga, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, tara. Ɗaya mun ga ragowar ɓawonsa, 'yan uwansa sun gama da shi. Biyu babu, sun tura gefen ragar ta inda bulo bai danne ba. Muka fitar da buhunan fid ɗaya bayan ɗaya, ni da yaran gona da direba, Kawu na tsaye da babbar riga yana haska mana da fitilar waya. Ɗaya muka same shi a bayan jarka ya bushe. Ɗayan sai wajen azahar wani yaro ya ɗaga tsohon janareta ya ganta a inda ruwan rufi ke ɗiga, da ranta, tana ɗaga hannaye zata yi faɗa, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta fito waje. Na taka daga nan zuwa bakin kwata, taku 14.

Kawu ya karɓe ta da filaya ya juya cikinta ya daɗe yana kallo, babu ƙwai, sai yace a ɗora ruwa. Muka tafasa goman duka da gishiri da yajin ƙuli, direba yace shi ba zai ci kunama ba ko ta ruwa ce, Kawu yace a mazhabarmu abin ruwa halal ne ya ɓare ɗaya, ya tauna, yace nama bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba ashe duk ɓawo ne. Ruwan bahon ma sai da na tafasa shi kafin in zubar.

Har yau bai ce min na yi gaskiya ba, ba halinsa bane. Mai kifin adon ya kira shi sau uku a gabana, na ukun ne ya ɗauka yace masa ana kan shawara, kuma in yana da sauran kada ya zubar a kwata ya kawo a saya a dafa. Kuɗin da ya ware kuma ranar Alhamis ya turo min rabi yace in ƙaro fid buhu 20 in sa a ɗaga bangon ramin ƙasa kafin ruwan Yuni.